Gane-ganen Shekara Goma

Ranar da aka fasa wa ƙanena Osmín baki a gaban mutum talatin, ni na ja shi zuwa wurin, don haka ba ni da bakin ƙorafi. Taro ne na masu ƙananan sana'o'i a zauren hukumar garinmu, Santa Rufina, wata Talata da hantsi. An ce duk wanda ya zauna darasi huɗu ya cike takarda za a sa shi a ƙungiyar masu sana'a, kuma 'yan ƙungiya kaɗai za a ba aikin bencin makarantu. Bencin nan nake so. Na gaji da akwatin gawa har wuya.

Mai koyarwar wata 'yar gayu ce daga babban birni, Licenciada Yanira, laƙabin masu digiri ke nan a wurinmu, takalmi mai tsini, murya irin ta masu karanta labarai. Ba ta da mugunta, Allah ya sani, garin ne ba ta sani ba. Ta raba mana takarda mai tambaya biyu. Ta farko, me ya sa aka buɗe wannan sana'a? Ta biyu, me kuke gani nan da shekara goma? Ta ce kowa ya rubuta nasa, a sa a gilashi a rataya inda mai shigowa zai gani, kamar yadda manyan kantuna suke yi.

Mai gidan burodi ya tashi ya ce yana ganin tanda uku da motar kai burodi ƙauyuka. Aka tafa masa. Mai gyaran gashi ta ce tana ganin kujera shida da madubi har rufi. Aka tafa mata. Sai aka zo kanmu.

"Kafintocin Umanzor," in ji Licenciada tana duba sunaye, sannan ta kira ni da Niña, yadda muke girmama mace. "Niña Griselda, kaya nawa kuke fitarwa a mako?"

"Uku. Wani makon huɗu."

"To nan da shekara goma fa? Kada ki ji tsoron babban buri."

Kafin in buɗe baki Osmín ya miƙe, ya gyara wuyan riga. "Arba'in a mako, Licenciada. Mota uku, da reshe a San Miguel."

Baiwar Allah ta fara tafi da zuciya ɗaya. Mutum biyu suka taya ta, sai tafin ya mutu a hannunsu. Niña Tomasa mai sayar da pupusa, wainar masara, a bakin kasuwa ta taso daga bayan zaure. 'Ya'yanta biyu mu muka yi wa akwati, shekara guda tsakani. Ba ta yi sauri ba, sai da ta iso gabansa ta ɗaga fulas ɗinta na kofi, na ƙarfe, ta kafta masa a baki.

"Arba'in! 'Ya'yan wa? Faɗa mini 'ya'yan wa ka ƙirga, ɗan banza marar tsoron Allah! Ɗaya ya rage mini, shi ma ka sa shi a ciki?"

Ta ƙara masa na biyu a kunne kafin maza su riƙe ta. Kujeru suka zube, mai burodi ya faɗi a kan mai gyaran gashi, Licenciada tana ta cewa ba haka take nufi ba, ba haka take nufi ba. Osmín ya tofar da rabin haƙori a kan takardarmu. Na naɗe ta da jinin na sa a jaka, na ja shi muka fita. Ban ce wa Niña Tomasa komai ba, don da ni ce da na fi ta.

Babanmu, Don Eulalio, shekara shida ke nan da rasuwarsa, ya bar mana shagon a gindin gada. A ƙarshen lokacinsa ƙofa ake yi da tebur da gado, akwati kuwa sai in maƙwabci ya mutu. Da kashe-kashe suka yi yawa, kowa mai zarto a garin ya koma akwati, har shaguna goma sha takwas. Masu wayo daga ciki ba sa jiran a zo musu. Suna da oba-oba mai kama maganar 'yan sanda, da an ce an yar da wani a hanya sai su buga mota su riga kowa. Ungulaye muke ce musu, kuma babbansu Ovidio, mai mota huɗu da tumbi kamar randa. Wata biyu kafin taron nan Osmín ya sayo oba-oba ya ajiye a kan teburin aikin Baba. Kullum tana ƙara, shi kuma kunnensa yana kanta. Shekararsa talatin da biyar, ni na goya shi, kuma ina kallo hanya tana janye mini shi.

Muna shiga shago na fara. "Ka ji daɗi? Ka zubar mana da mutunci a gaban gari."

"Tambaya aka yi na ba da amsa," ya ce yana danna tsumma a leɓe. "Ni na kashe su, Yaya? Ni na ba su bindiga? In na zauna a nan ina goge benci mutuwa za ta tsaya? Ovidio ne zai kwashe, da katakonsa na banza da gindi ke ɓallewa a hanyar maƙabarta."

"Gara ya kwashe."

"Ke ba ki da buri, shi ya sa. Uku a mako! Haka za mu tsufa, ke kina shafa fenti ni ina shaƙar ƙura."

Na jefe shi da gwangwanin ƙusa. Ya kauce, ƙusoshi suka watse har bakin titi. A nan Mama ta fito daga kicin, hannu duk ƙullun masara. Niña Chon kowa ke ce mata. Ba ta karatu, sai na karanta mata takardar don ta ga abin da ya jawo. A kan tambaya ta biyu an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, visión, wadda dai muke faɗa in waliyyi ya bayyana ga mutum, ko mamaci ya zo masa ido biyu.

Mama ta yi alamar gicciye. "Yau ga wata sabuwa. Gwamnati ce yanzu ke sa mutane gane-gane?"

"Ba irin wannan ba, Mama. Buri ake nufi."

"Karanta kuma."

Na karanta mata yadda Licenciada ta rubuta a ƙasa: ku rufe ido, ku dubi shagonku nan da shekara goma, ku faɗi abin da kuka gani.

"To ai ga shi nan ƙarara," in ji Mama. "An ce a rufe ido a gani. Ku biyu ba za ku ga komai ba, zuciyarku ta cika hayaniya. Ku bar mini."

Osmín ya yi dariya har leɓen ya sake ɓallewa. Ni ma na yi murmushi, Allah ya yafe mini. Mama kuwa da gaske take. Kwana uku ba ta ci nama ba, ba ta sha kofi ba, ta kunna kyandir gaban hoton Budurwa Maryamu. Ranar Juma'a da safe ta ɗauko kujera ta zauna a tsakiyar shago da carbinta, ta rufe ido. Osmín ya fita sayen gam. Na ci gaba da aikina ina satar kallonta. Ta daɗe, har na ɗauka barci ya kwashe ta. Sai ta buɗe ido, fuskar nan ta yi fari fat.

"Na gani," ta ce. "Shagon yana nan. An sake rufin, an yi masa fenti shuɗi. Kina nan, kanki ya yi furfura. Ga teburin ubanku."

"To madalla."

"Ban ga Osmín ba."

"Ya je sayen gam, Mama."

"Kada ki raina ni, Griselda. Na duba bayan katako, na duba tsakar gida, na leƙa titi. Na kira shi. Babu shi."

Ni ba mai yarda da gane-gane ba ce. Amma na rantse da Allah, sai da buroshi ya faɗi daga hannuna. Daga ranar tsoro ya shige ni, kuma bai fita ba.

Litinin da azahar oba-oba ta yi magana. An harbe wani saurayi a hanyar gonar rake. Osmín ya zari makullin a-kori-kura, ni kuma na faɗa gefensa kafin ya ja.

"Ina za ki?"

"Zan ga arba'in ɗin da idona."

Mun tarar 'yan sanda biyu sun kewaye wurin da igiya. Gawar na kife a bakin kwata, takalmi ɗaya a tsakiyar hanya, ƙudaje sun riga kowa. A nan na gane abin da ban sani ba duk zamana a garin. Ba gawa ake kokawa a kai ba, gawa ta hukuma ce sai an gama bincike. Uwar gawa ake kokawa a kai. Wanda ya sa ta a motarsa ya kai ta ɗakin ajiye gawa ta sa masa hannu, shi ke da aiki. Ga ta nan kuwa, wata 'yar siririyar mata da atamfar kicin a ƙugu, ta durƙusa a bakin igiya tana kiran suna ɗaya.

Osmín ya riga isa gare ta. Ya durƙusa, ya sassauta murya, wai sannu Mama, Allah ya ba da haƙuri, ga mota nan. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, kuma na ji ƙyamarta. Yana ɗago ta sai ga motar Ovidio ta taka birki, ƙura ta rufe gawar. Ya sauko da ƙartinsa biyu.

"A'a, ɗan Eulalio! An bar ka ka fito? Yayarka ta ɗaura maka kamfai?" Ya kama matar ta ɗaya hannun. "Taso, uwata, mu muka saba."

"Sake ta, Ovidio. Na riga ka."

"Ka riga ni? Ana haihuwarka ina wannan aiki."

Suka ja. Wannan ya ja, wancan ya ja, matar na tsakiya tana kiran ɗanta. Na ji ƙarar da kunnena, ƙas, kafaɗarta ta goce, hannun ya saki ya yi lilo. Ta yi ihun da ya tashi tsuntsaye daga cikin rake. Ko a jikinsu. Ɗaya daga cikin ƙartin ya zaro ƙarfen kwance taya ya sauke wa Osmín a goshi, fatar ta buɗe, jini ya rufe masa ido. Ya yi tangaɗi, sai ya rungume Ovidio suka faɗi tare a cikin kwata, kusa da ƙafar mamacin. Ovidio na sama yana shaƙe shi da hannu biyu. Na ga idon ƙanena ya firfito. Na tsinci dutse na yi kansu, amma ƙato na biyu ya hankaɗe ni na zauna a kan ƙaya. Sai na ji Ovidio ya kwarma ihu. Osmín ya kafa masa haƙori a kunne, bai saki ba sai da ya taho da rabi.

'Yan sandan suna tsaye, ɗaya har yana shan ruwan leda. Sai da ya shanye ya harba ɗaya sama, kowa ya watse. Ovidio ya shiga mota yana dafe da kai yana zagin uwarmu. Osmín ya ɗauki matar cak ya sa a gaban mota. Da hannun hagu ta sa masa hannu, don na dama ba ya ɗaguwa. A hanya yana tuƙi da ido ɗaya, jini na ɗiga daga haɓarsa, yana murmushi.

"Kin gani, Yaya? Haka ake yi."

Na leƙa ta taga na yi amai.

Abin da shashashan bai lissafa ba shi ne, Ovidio ba shi kaɗai ba ne. Ƙetaren gada 'yan daba ne gwamnati, kuma Ovidio nasu ne, shi ke binne musu mutane. Laraba da safe muna karin kumallo a shago, wake da tortilla, gurasar masara, sai ga mutum uku sun shigo. Na gaba ya yi shiga tsaf kamar mai zuwa coci, farar riga har wuya, sai zanen 'yan daba a fata da ya leƙo a bayan hannunsa. Ya cire hula ya gaida Mama.

"Ina kwana, Niña Chon. Shiga ciki kawai, magana ce ta maza." Ya juyo gare ni. "Ke tsaya, ke ce mai shago."

Biyun suka kama Osmín. Ya yi yunƙuri, suka buga kansa da teburin aiki sau biyu, ɗinkin goshin ya ɓalle. Mai farar riga ya zagaya yana shafa akwatunan da muka gama.

"Aiki mai kyau. Gaskiya kun fi Ovidio hannu. Wannan zai yi masa, ko?"

Suka cusa shi ciki suka ɗora murfi, ɗaya ya hau ya zauna. Mai farar riga ya ɗauko guduma da ƙusa huɗu ya miƙo mini.

"Bismillah, Niña. Ni ban iya ba, kada in ɓata miki katako."

"Don Allah..."

Ya ɗora mini bakin bindiga a kumatu, a hankali, kamar mai gwada zafin jiki. Na karɓa. Shekara ashirin da biyar ina buga ƙusa, ban taɓa kuskure ba, ranar kuwa sau uku ina dukan yatsana. Osmín na ciki yana dukan murfi yana kiran Yaya. Na buga huɗun duka. Mutumin ya duba ya gyaɗa kai, sannan ya saita wajen ƙafafu ya harba. Ƙarar ta toshe mini kunne. Cikin akwatin ya yi tsit.

Ya sunkuya ya yi magana ta ramin harsashin. "Kana ji na, kafinta? Daga yau ƙafarka ta taka gadar nan, ba a ƙafa zan harba ba. Kunnen Ovidio kuma mun yafe, dama ba ya jin magana." Ya sa hularsa. "A gaida Mama."

Na ɓalle murfin da ƙarfe, farcena biyu suka tafi. Harsashin ya bi tsakanin ƙafafunsa ya fita ta ƙasa. Ya jiƙa wandonsa. Ya fito bai dube ni ba, ya shige bayan gida ya rufe. Na san Osmín. Da dukansa kawai suka yi, da ya haƙura. Wandon nan ne ba zai yafe ba.

Da yamma na zauna da Mama a bakin murhu, na ɗauko takardar Licenciada mai jini, don darasi na gaba Talata ne kuma ban rubuta ko harafi ba.

"Mama, tambaya ta farko. Me ya sa Baba ya buɗe shagon nan? Son katako ne?"

Ta yi tsaki. "Ubanku? Da na aure shi ko kujera bai iya gyarawa ba. Lokacin yaƙi ne. Sojoji na tare mota su sauke samari, 'yan tawaye na saukowa daga dutse su kwashi nasu. An ɗauki wansa, an ɗauki ƙanensa, ko gawarsu ba mu gani ba. Sai ya lura da wani tsoho mai yin akwati, babu mai taɓa shi, ko 'ya'yansa, don kowane ɓangare na da bukatarsa. Washegari ya sayar da saniyarmu ya sayi zarto. Na farko da ya yi, sai da aka lanƙwasa wa mamacin gwiwa."

"To don me ke nan?"

"Don ya kwana a gida. Don ku kwana a gida. Ke kina tsammanin don arziki ne?"

Na ɗauki biro na rubuta. A ƙarƙashin ta farko: an buɗe wannan shago don mutanen gidan nan su kwana a gida. A ƙarƙashin ta biyu: nan da shekara goma Osmín Umanzor yana tsaye a bakin teburin aiki. Na karanta wa Mama. Ta ce ita dai ba haka ta gani ba. Na ce na sani, shi ya sa na rubuta.

Kwana biyu Osmín bai yi magana ba. Yana aiki kamar inji, oba-oba a aljihun gaba. Na roƙe shi ya kashe ta, ya yi kamar bai ji ba. Na nuna masa takardar, ya karanta, ya yi wata 'yar dariya.

"Wannan ne burin naki? Ki ɗaure ni a tebur kamar akuya?"

"Shi ne."

"Duk garin nan sun ji na yi fitsari a wando, Yaya. Yara na nuna ni. In ban taka gadar nan ba, gara ma a ce harsashin ya same ni."

Asabar da rana tsaka, zafi kamar bakin tanda, oba-oba ta yi magana. Mutum uku a filin ƙwallo na ƙetaren gada. Ina wajen fenti, yana wajen zarto. Muka dubi makullin a kan ƙusa lokaci ɗaya, na riga shi. Na cusa a cikin rigata.

"Ba ni."

"Ba za ka je ba."

"Uku ne, Yaya. Ovidio ba zai iya kwashe uwa uku lokaci ɗaya ba. Ba ni makulli."

"Sai dai ka kashe ni."

Ya kama ni. Ƙanena da na wanke wa kashi, ya murɗe mini hannu ta baya, ya yaga mini gaban riga, makullin ya faɗi. Na cije shi a dantse, ya kwaɗa mini mari da bayan hannu, na bugu da tarin katako na zube. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba sai ranar. Mama ta fito ta tare ƙofa, ya ɗauke ta ya ajiye gefe kamar kujera. Ya sunkuya zai ɗauki makullin.

Babbar gudumar Baba na ƙarƙashin tebur, daidai hannuna, wadda muke fasa kututture da ita. Ba zan yi ƙarya in ce hankalina ya gushe ba. Ina cikin hankalina sarai. Har na zaɓa. Hannu ba zan taɓa ba, da shi yake ci. Na miƙe a kan gwiwoyina na ɗaga da hannu biyu na sauke masa a gefen gwiwar dama.

Ƙarar kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ya faɗi bai yi ihu ba tukuna, ya dube ni baki buɗe, bai gane ba. Sai ya dafa ƙasa ya fara jan jiki wajen makullin. Wayyo Allah, ja yake yi! Na tashi tsaye na ƙara masa ta biyu a wuri ɗaya. Ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Sannan ne ya yi ihun, har maƙwabta suka cika ƙofa. Mama ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinya tana shafawa, ba ta ce mini na yi daidai ba, ba ta ce na yi laifi ba. Ni na tuƙa shi zuwa asibiti, a bayan a-kori-kura, yana zagina tun daga shago har ƙofar asibiti, kuma duk abin da ya faɗa na cancanta.

Da likita ya tambaya, Osmín ya ce tarin katako ne ya zubo masa. Likitan ya dubi rigata a yage, ya dubi kumatuna, ya rubuta katako. Ya ce ƙafar za ta tsaya amma ba za ta ƙara lanƙwasawa ba, tuƙi kuwa sai dai a manta.

Litinin da safe na kai masa miyar kaza. Yana kwance, ƙafar a ɗaure har cinya, yana kallon rufi. Na zauna na buɗe kwano.

"An zo gaishe ni jiya," ya ce. "Kin ji labarin filin ƙwallo?"

"Ban tambaya ba."

"Ovidio ya ɗauki biyu. Na ukun, surukin Don Fermín mai shagon akwati ne ya ɗauka, daga namu ɓangaren. Ya ƙetare gada da motarsa, ya ɗauko uwar, ya dawo." Ya juyo ya dube ni. "Ba wanda ya taɓa shi, Griselda. 'Yan dabar ma ba sa nan, sun gudu dutse tun safe don sojoji. Ko tsawa ba a yi wa kowa ba."

Griselda ya ce, ba Yaya ba. Na riƙe cokali ban san inda zan sa shi ba.

"Da na je da na dawo," ya ce.

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba. Da na dawo da ƙafata."

"Ranar nan. Gobe fa? Jibi fa?"

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba," na ce. "Kuma in ka warke ka nufi gadar nan da ɗaya ƙafar, ita ma zan fasa ta."

Ya rufe ido, hawaye ya gangara masa cikin kunne. Na so in share, na ji ba ni da izini. Miyar ta huce a hannuna. Can ya yi magana, idonsa a rufe.

"Sandunan asibitin nan na ƙarfe ne, suna cin hamata. Ki yi mini na katako. Na itacen al'ul, kada ki sa mini fenti."

"To."

"Kina da awo a jaka?"

Kullum ina da shi. Na zaro, na tsaya a gefen gado. Daga hamata zuwa diddige ake aunawa, shi kuma ba ya iya tashi. Na ja awon a kan jikinsa yana kwance, kamar yadda na yi wa ɗaruruwan mutane a garin nan, sai dai wannan ƙirjinsa na hawa yana sauka a ƙarƙashin hannuna. Idona ya cika, lambobin suka narke, na kasa karantawa. Ya ɗaga kai da ƙyar ya duba.

"Ɗari da talatin da biyu," ya ce. "Ki ƙara biyu saboda takalmi."